Darasi na 7: Karanta Sakamakon Gwajin Bakin Mahaifa

Kusan duk kansar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Jikin yawancin mata kan kawar da ita cikin shekara biyu ba su ma sani ba. In ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ɓata fatar wurin kafin ta zama kansa. A wannan tsakanin ne gwaji ke da amfani.

A gwaji mafi sauƙi, ma'aikaciyar lafiya takan shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cur. Lafiyayyar fata ba ta sauya launi. Wurin da ya fara lalacewa kuwa sai ya yi fari mai kauri, gefensa a fili kamar an zana. Gaggawa kan sa a rasa tabon, ciwon sanyi kuma kan kawo farin da ba shi ba ne. Bayan mace ta kai shekara 50, wurin da ake dubawa kan janye ciki, don haka gwajin da ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta ya fi dacewa.

In an ce an ga tabo, ba a ce kina da kansa ba. Sau da yawa a ranar ake ƙona tabon da ƙarfe mai zafin digiri 100, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ruwa zai riƙa zuba har kusan wata guda. A dakatar da saduwa mako huɗu, a dawo bayan shekara ɗaya. Mata da yawa kan yi sakaci da wannan dawowar.

Sakamako iri ɗaya ba ya nufin abu ɗaya ga kowa. Mai ɗauke da HIV haɗarinta ya ninka sau shida, kuma shekara 5 zuwa 10 sun isa tabo ya zama kansa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai HIV ta fara gwaji tana shekara 25, sauran mata kuma suna shekara 30. Fara saduwa da ƙuruciya, yawan haihuwa da shan taba su ma suna ƙara haɗari. Kada kunya ta hana ki faɗa in an tambaye ki.

Zubar jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko ruwa mai wari, ba sa jiran ranar gwaji. A ga likita ko da sakamakon baya ya nuna lafiya lau.