Yawon fadama a motar haya: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Wannan abu da matasa suka ɗauko na haɗuwa ranar Asabar a tafi tattaki bakin ruwa gaskiya yana burge ni kuma ina so ya ɗore, wasu su nufi dam ɗin Ajiwa nan kusa da Katsina, mutanen Daura su yi Sabke ko Daberam, masu ƙarfin hali kuma su ɗauki hanyar Haɗeja da Nguru. Sai dai kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa, kuma da yawansu tun a tasha ake tafka su, ƙafa bata ma taɓa laka ba.

Babba a ciki shi ne lissafin zuwa ba tare da lissafin dawowa ba. Kowa ya san motar tasha bata da agogo, sai ta cika take tashi, toh amma wannan a cikin gari ne inda fasinja ke da yawa. A ƙauyen bakin ruwa motoci da safe suke fita, da la'asar tayi sai hanya ta fara yin shiru, in ba ranar kasuwa bace ma zaka iya zama a bakin titi har magariba ba ka ga ko ɗaya mai wuri ba. Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka biya kuɗin mota ka tambayi direba ko ɗan kamasho, "Malam, daga can zuwa nan motar ƙarshe wajen ƙarfe nawa take tashi?" Abin da ya faɗa maka ka rage awa guda a kai. Ɗan acaɓan da ya shiga da kai daga bakin titi kuma ka karɓi lambarsa, ku yanke wuri da lokaci, wata bishiya ko wani masallaci da ku duka kuka gani, saboda sabis yana iya ɗaukewa a ciki. Kada ka biya shi duka, kuɗin dawowa sai ya dawo. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, canji ƙanana, don maganar taransifa ko POS a bakin fadama ɓata lokaci ce.

Maganar tsaro ma a nan take shiga, ba sai na yi dogon bayani ga ɗan Katsina ba. Dam ɗin Jibiya da na Zobe wajen Dutsin-ma wurare ne masu kyau, amma ba a yanke shawarar zuwa daga hotunan Facebook, a tambayi direbobin layin a ranar da za a tafi, in suka ce a haƙura a haƙura. Duk inda aka je dai a idar da azahar a juyo.

Sai masu raina nisa. Za ka ji mutum yace zai je ya ga tsuntsayen Haɗeja ya dawo Katsina ya kwana, a motar haya, haba. Sai ka sauka Kano ka canza mota, ka isa Haɗeja, sannan fadamar Baturiya inda ake ganin tsuntsayen tana can cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma sai ka sake neman abin hawa. Fadamar Dagona kuwa a Yobe take, ƙasar Bade wajen Gashuwa, kuma tana ƙarƙashin gandun dajin gwamnatin tarayya na yankin tafkin Chadi, ba a faɗawa kai tsaye sai da izini da ma'aikacin da zai raka ka. Irin wannan tafiya ta kwana ce, a nemi masauki tun daga gida, a fita kallon da asuba wanda dama shi ne lokacin da tsuntsu ke kiwo.

Lokaci ma ana kuskurensa. Mutane suna ganin fadama sai damina tunda a lokacin tafi kore, alhali watan Agusta da Satumba ruwa ya malale ko'ina, hanyoyin ƙafa sun nutse, motoci ma kafewa suke, ga sauro. In tsuntsaye kake so daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, ruwa ya fara ja, ƙasa ta fara tsanewa, kuma baƙin agwagin da ke tsallako hamada daga Turai don gudun sanyin can sun sauka sun haɗu da na gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Tsuntsayen nan suna cikin dalilan da suka sa tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008. Maris da Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40, tafiyar ƙafa a wannan rana ba wasa bace.

Yanzu wanda yafi damuna, shiga ruwa. Wallahi duk sanda naga hoton samari sun tuɓe takalma sun naɗe wando suna tsaye cikin ruwan dam har gwiwa sai gabana ya faɗi. Ruwan da ke kwance mai ciyayi a gefe shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, tsutsar bata buƙatar ka sha ruwan, ta fata take shiga, ba zaka ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi, bayan makonni ko watanni ka ga jini a ƙarshen fitsari ka rasa daga ina. Har yau akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar balaga ce, ba haka bane, cuta ce kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara. Kada ka ce ai yaran garin suna wanka a ciki, da yawansu suna fama da ita. Alwala ma ka yi da ruwan da ka zo da shi ko na rijiya ko fanfon garin. Wanda ya riga ya shiga kuma ya ga alama ya je asibiti a gwada fitsari, akwai magani, praziquantel, da nauyin jiki ake auna shi don haka ba na saye a kemis a haɗiya da ka bane. Takalmi kuma silifa bata yi, laka zata cire maka ita a taku na uku, ga ƙarangiya ga matsattsaku. Kambas mai igiya da safa, ko takalmin roba dogo irin na masu noman shinkafa, da dogon wando.

Maciji yana nan, musamman kububuwa a gefen gonaki da ƙarƙashin tarin kara. Kada ka cusa hannu inda ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗaurewa da igiya, ba tsagawa da reza, ba tsotsa, a cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar fadama kamar dajin da ba mai shi. Ko'ina ka taka a nan abincin wani ne, fangalin albasa da tumatir da tattasai, irin shinkafa da aka yafa wanda baƙo zai ɗauka ciyawa ce, tiyon injin ban ruwa da aka shimfiɗa a ƙasa, komar masunci da ya shanya. Sai kaga mutum goma sun ratsa ta tsakiyar lambu suna ɗaukar bidiyo ko sallama babu, sun rusa bakin fangali ruwa ya ɓalle, mai lambun da ya sayi fetur da tsada ya tsaya yana kallo, gobe wasu baƙin suka zo su za a huce a kansu. Da kun sauka a fara da gidan mai unguwa ko dagaci, "Ranka shi daɗe, baƙi ne daga Katsina, mun zo ganin ruwa da tsuntsaye," shi kenan, sau da yawa shi da kansa zai haɗa ku da yaro. Manomi kuma "sannu da aiki Baba, ta ina za mu bi?" ta wadatar. A bi ta kan iyaka ɗaya bayan ɗaya. In kun haɗu da garke a burtali ko mashaya ku tsaya gefe shanu su wuce. Mata masu wanki ko ɗiban ruwa ba a ɗaga masu waya, kowa ma sai an tambaye shi kafin hoto.

Yaron nan da za a haɗa ku da shi kada ku ce ba kwa buƙata don kuna da taswira a waya, da ɗan gari akan ci gari. Fadamunmu ba su da allon nuna hanya, kuma hanyar bara ba lallai ita ce ta bana ba. A yankin Haɗeja da Nguru kacalla ta cinye magudanan ruwa da yawa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ruwa ke sauka, ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, in ka shiga ba ka ganin gabas balle yamma, ƙasan ta kuma taɓo ne. Ɗan gari ya san inda ƙasa ke ɗaukar mutum da inda saman ta kawai ya bushe. Ku yi ciniki da shi tun farko ku biya shi da kyau, ba ɗan na goro ba.

In tafiyar ta haɗa da tsallaka ruwa, kwale-kwalen da ya cika da buhuna da babura ku bari ya tafi ku jira na gaba, a zauna ba tsayuwa don hoto, in akwai rigar kariya a sa, kuma ba a hawa bayan magariba. Ruwan sha kowa ya ɗauki aƙalla lita 2 da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino, ledar fiya wata da robar lemo kuma a mayar cikin jaka a dawo da su gari, saboda awaki da shanu suna haɗiyar leda kuma tana kashe su.