Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urar sauya wutar DC mai raba ɓangarori

Tun da sola ta yawaita a Kaduna, matasa da yawa a Panteka da Tudun Wada sun kama haɗa 'yar na'urar da ke sauke wutar batir daga bolt 48 zuwa 12 ta cikin taransifoma, yadda ɓangaren shiga da na fita ba su da wata waya da ta haɗa su. Ana yawan kawo min su a ƙone, kuma kusan kullum laifin ɗaya ne.

Taransifoma ce tushen matsalar. A tsarin da ake kira flyback, aikinta ta tara wuta sannan ta sake ta, don haka dole a bar ɗan gibi tsakanin ɓarin ferait ɗin biyu, wato zuciyar taransifomar da ake naɗa waya a kanta. Wani yaro ya kawo min tasa ya manne su ƙam, ga MOSFET uku, wato taransiston da ke buɗewa da rufe wutar, da suka fashe a aljihunsa. Ba tare da gibin nan ba, ferait ɗin kan cika da maganaɗisu nan da nan, wuta ta yi ambaliya ta kashe taransisto. Muka saka siririyar takarda a tsakani, muka sake auna naɗin. Sannan a naɗa wayar fita dab da ta shiga, da tef mai hana wuta a tsakaninsu, domin sakakken naɗi shi ke haifar da tsallen wutar da ke bugun MOSFET duk lokacin da ya rufe. Ko naɗin ya yi kyau, a sa diyod da rezista da kafasita su tare wannan tsalle. A tuna kuma batir mai 48 yakan kai kusan 58 idan yana caji, don haka a yi lissafi da hakan.

Abin da ya fi damuna shi ne mai haɗa nagetif ɗin ɓangarorin biyu da waya wai don hayaniyar wuta ta ragu. Ya rushe dalilin aikin gaba ɗaya, kuma mai taɓa na'urar ne zai ɗanɗana. A bar fili mai faɗi a allon da ake jera kayan, tsakanin ɓangarorin, har a yanka tsaga ƙarƙashin PC817, ɗan abin da ke kai saƙo da haske daga ɓangaren fita zuwa na shiga, saboda ƙurar hunturu idan ta haɗu da laimar damina hanya take zame wa wuta.

PC817 ɗin ma ƙarfinsa ya bambanta daga ɗaya zuwa wani, yana kuma raguwa da tsufa, don haka a bar masa rara a lissafin rezistan da ke tsakaninsa da TL431, mai sa ido kan bolt ɗin fita. Kada a sa diyod 1N4007 a wajen fita, ba ta da sauri. Diyod mai sauri irin Schottky ce ta dace. Wajen abin da ke sarrafa MOSFET, mai aiki da batir mai bolt 12 ya ɗauki UC3843, domin UC3842 sai wuta ta kai bolt 16 yake tashi. Kafasita kuwa a sayi mai jure zafin digiri 105, a nisanta ta da diyod, a gwada na'urar da cikakken lodi cikin akwatinta a zafin watan Afrilu.