Yadda na gyara batirin motata da ya daina tashi da safe

Jama'a, batirin Corolla ɗina ne ya fara wahalar da ni, da safe in murza ki sai dai ka ji tak tak, sai yaran layinmu a Agege sun tura. Wani mai gyaran wayar mota ya ce sai dai sabo, ni kuma da tsadar nan gaskiya ban yarda ba.

Na buɗe murafen nan shida da ke saman batirin na haska tocila, ashe ruwa ya ja baya a gida biyu har farantan dalma sun fito fili, zafin Legas ga gosulo injin na ta dafa shi. Kan batir kuma ya yi wannan farin gari mai shuɗi-shuɗi. Na fara cire wayar negatif (mai alamar -), na wanke kawunan da bekin soda da tsohon burushi, na goge tas na shafa giris.

Sai na siyo distil wota, wato tataccen ruwan da ba gishiri a ciki, na zuba har ya rufe farantan kaɗan, ban cika maƙil ba don in ya ɗau caji ruwan tasowa yake ya zubo. Don Allah kar ku zuba piya wota ko ruwan bohol, gishirin ciki kashe batir yake, kuma kar a ƙara asid, ruwa ne kaɗai ke tafiya asid ɗin na nan. Sigari ma a nisanta, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Na kai caji ya kwana, mita ta nuna volt 12.6, da injin na aiki 14.2, wato altaneta, mai yi wa batir caji in injin na aiki, lafiya lau. Yanzu murzawa ɗaya take tashi, alhamdulillahi.