Atisayen mutuwar inji: inda matuƙa ke yin tuntuɓe a sararin Sakkwato

Da malami ya janye totur ya ce inji ya mutu, yawancin masu tuƙa ƙaramin jirgi sai su dulmiya kai cikin allon na'urori suna laluben abin da ya lalace. Nan ne kuskuren farko. Kafin komai, saita hancin jirgi a gudun da ya fi nisan sulalowa: a ƙaramin jirgi Cessna 172 not (mil na teku a awa ɗaya) 65 zuwa 68 ne, gwargwadon samfurin. A wannan gudun, kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana ba ka kusan mil ɗaya da rabi na tafiya. Duba mai, maganeto (na'urar da ke ba fulogi wuta) da kiran hasumiyar filin jirgi duk suna biyo baya.

Zaɓen fili ya fi kayar da mutane, domin ƙasar nan tana ruɗin ido. Daga sama fadamar Rima shimfiɗe take, kore shar, amma ƙasan taɓo ne da magudanan ban-ruwa, taya na nutsewa jirgi ya kife. Gonar gero bayan girbi ta fi ta, muddin ka sauka bin tsawon kunya. Wanda ya gitta kunyoyi zai bar ƙafar gaba a kunya ta uku. Titin mota kuwa, wayoyin lantarki ba sa ganuwa sai ka iso kansu. Ka zaɓi fili da wuri, kusa da kai, kada ka riƙa sauya ra'ayi don ka hango wani can gaba.

Iska ma ana mantawa da ita. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hazo kuma ya rage gani, don haka hayaƙin ƙona ciyawa ko ƙurar garken shanu su za su nuna maka inda za ka fuskanta.

In ka ga ba za ka kai filin ba, kada ka ɗaga hanci don jan nisa. Gudu zai zube, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ga ƙasa kusa. Yawanci sakin filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don rage gudu wajen sauka) da wuri ne ke jawo rashin kai filin. Riƙe shi sai ka tabbatar filin ya shiga hannu.

Akwai kuma masu mayar da atisaye gaskiya, inji ya mutu da gaske. A jirgi mai kafireto, ja zafin kafireto (madannin da ke tura masa iska mai ɗumi don hana ƙanƙara) kafin janye totur, ka ɗan ba inji wuta lokaci-lokaci a hanyar sauka. Wasu na dariya, wai ƙanƙara a Sakkwato? Da damina, iska mai laima na daskarar da kafireto ko da ana zafi.

Ku yanke da malami tun a ƙasa tsayin da za a fasa sauka, galibi ƙafa 500 sama da ƙasa. A zafin Afrilu, da ma'auni ya haura digiri 40, iska ta yi shara-shara, jirgi na hawa da nawa, saboda haka tura totur tun kafin ka kai iyakar.