Kurakuran da masu auna ƙarancin abinci da ruwa ke ta maimaitawa a zangunan Accra

Duk sanda aka tashi sabon binciken gidaje a Nima, Maamobi ko Madina, ni ake kawo wa takardun sababbin ma'aikata in duba, kuma kurakuran ba sa canzawa. Bakina ya gaji da faɗa, shi ya sa na rubuta.

Ma'aunan kansu a shirye suke. HFIAS, ma'aunin ƙarancin abinci a gida wanda shirin FANTA ya fitar da sigarsa ta uku a 2007, tambayoyi tara ne a kan makonni huɗun da suka wuce, makinsa daga 0 zuwa 27. FIES na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma na abinci, tambayoyi takwas ne, amsarsu e ko a'a. Na ruwa kuwa, HWISE, an wallafa shi a 2019: tambayoyi 12, maki daga 0 zuwa 36, gidan da ya kai 12 ana lissafa shi cikin masu fama da matsalar ruwa. Takardun lafiyarsu ƙalau. A bakin ƙofa ake ɓata su.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a ɗauki gidan haya gaba ɗaya a matsayin iyali guda. Ku da kuka tashi a zango kun san yadda gidajenmu suke: ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya, ɗakuna jere, kowane ɗaki da nasa cikin. Sai yaron da muka tura ya yi sallama, maigida ya fito, a ba shi benci, ya cike takarda ɗaya ya tafi yana murna. Wa ka auna ke nan? Aljihun mai karɓar kuɗin haya.

Akwai aikin da wannan ya sa muka zubar da takardun lungu guda. A wani gida Alhajin ya amsa komai da "ba mu taɓa ba", kuma gaskiyarsa ce, shi bai taɓa ba. Da na koma sai na tarar da wata mai sayar da koko a ɗakin ƙarshe, ita da 'ya'yanta, murhunta ya yi ƙura. Ragowar kokon safe suke sha da daddare idan ya ragu. A takardarmu gidan nan maki sifili ya samu, wato ba su da matsalar abinci ko kaɗan. Kuɗin sake aikin bai ƙona mini rai kamar yadda mutanen lungun suka karɓe mu ba: "Ba ku ne kuka zo kwanan baya ba? Me kuka yi da abin da muka gaya muku?" Wasu ƙofofin ba su sake buɗe mana ba.

Hukumar ƙididdiga ta Ghana ma da tsarin ci da sha take rarrabe iyali. Ni dai kafin in buɗe jaka sai na tambaya: "Hajiya, tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?" Kowace tukunya takardarta daban. Idan kishiyoyi ne masu karɓa-karɓar girki, suna ci tare, iyali ɗaya ne. Idan kowa da nata, biyu ne. Inda ba a girki sam, sai sayen wake da shinkafa ko koko da ƙosai a bakin titi, kada ka rubuta yunwa don ka ga ba hayaƙi. Bi aljihun: wa ke biya, mutum nawa yake biya wa?

Sannan mai girki da neman ruwa ita za ka tambaya. Maigida ya ajiye kuɗin cefane ya fita tun da safe. Bai san an rage ludayin miya ba, bai san uwargida ta ce ta ƙoshi ne don yara su samu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka gaida maigida da kyau, ka nemi izininsa, amma da ita za ka zauna.

Na biyun da ke tayar mini da hankali shi ne famfo. Yaro ya ga kan famfo a tsakar gida, ya yanke cewa gidan nan ba su da matsalar ruwa, ya ruga cikin tambayoyin kamar ana korarsa. Don Allah murɗa shi tukuna! Sau da yawa iska za ka ji tana fita. Yawancin ruwan famfon Accra daga matatun ruwa na Weija da Kpong yake zuwa, kuma unguwanni da dama sai wasu ranaku suke samu, wani lokaci cikin dare, mata su tashi tara. Dubi galan-galan rawaya da muke kira galan Kufuor a jere bakin ƙofa, ka ɗaga ɗaya ka ji ko da nauyi.

Abubuwa biyu ake haɗawa a nan. Tsarin da WHO da UNICEF suke bi yana duban inda ruwan ya fito da tsawon lokacin ɗebo shi, ko zuwa da dawowa bai wuce minti 30 ba, kuma tun 2017 yana sa ruwan leda da na tanka cikin ingantattun hanyoyi. Wannan ma'auni ne mai amfani, amma ba shi HWISE ke tambaya ba. Shi abin da ya faru da mutane yake nema: an yi fargabar ruwa ba zai isa ba, an bar wanki ya taru, an fasa wata hidima, an sauya abin da za a dafa, an kasa wanke hannu bayan ban-ɗaki, an kwana da ƙishi, an ji kunya. Jakar fiya wata mai leda 30, kowace rabin lita, lita 15 ce kacal. Iyali za su iya shan ta su kashe ƙishi, yara kuma su tafi makaranta ba wanka. Shi ya sa nake so a yi tambayoyin abinci da na ruwa a gida ɗaya, rana ɗaya, da mutum ɗaya: matar da ba ta da ruwan wanke tukunya sayen abinci take yi, kuɗin galan kuma daga na cefane yake fita. Mutanenmu sukan kawo maganar ruwan alwala. Babu shi a ma'aunin. Ina sa a rubuta a gefen takarda, amma ba a ƙara shi cikin maki.

Yanzu ku da ke amsa wa mutane tambaya da kanku. Ka ga firiji da talabijin, ka cike "a'a" har ƙasa. Ka ga yaro ba riga, ka cike "e". Wasunku ma gindin bishiya suke zama su ƙirƙiri gidaje. Wannan cin amana ne, kuma ina ganewa, domin amsoshin mutum ɗaya ba sa ɓuya. Da waɗannan alƙaluma ake yanke inda za a kai agaji da inda za a tsallake. Ku ji tsoron Allah.

Kada kuma ka tsaya tsakiyar tsakar gida, maƙwabta na wanke-wanke suna kasa kunne, ka ce wa mace ko ta kwana da yunwa. "Alhamdulillahi" za ta ce, don rufin asiri ya fi mata takardarka. Nemi gefe, rage murya. Akwai kuma akasin haka: idan aka ji ana rubuta sunaye, sai a ɗauka shinkafa ce ke tafe, kowa ya zama bai ci ba tun shekaranjiya. Tun a gaisuwa nake cewa: "Mma, ba rabon kaya muka zo ba, kuma amsarki ba za ta sa a ba ki ko a hana ki komai ba."

Kusan kowace tambayar abinci tana da jela: saboda rashin kuɗi ko rashin hali. Masu sauri sukan yanke ta, sai mai azumin Litinin da Alhamis ya shiga cikin masu yunwa. Ni ba na yarda a fara aiki cikin Ramadan, ko kafin makonni huɗu su cika bayan ƙaramar Sallah. Bayan Layya ma haka, nama ya cika gidan da watanni bai gan shi ba. Wasu abokan aiki suna ganin na cika tsauri. Ni haka nake yi. A rubuta kwanan wata a kowace takarda, domin a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022, amsar wannan wata ba ta wancan ba ce.

"Makonni huɗu" ba ya zama a kan mutane. Ce musu Juma'a huɗun da suka wuce. Idan an ce e a HFIAS, tambayi sau nawa: 1 zuwa 2, 3 zuwa 10, ko fiye da 10. Gurbin da aka bari fayau ba sifili ba ne. Kada a gwada FIES na wata 12 da na kwana 30. Kada a tsallake tambayar kunya don kai ka ji nauyin yin ta. Ku zauna ku daidaita lafazi ɗaya kafin fita, ku kuma tuna ba kowa ne a zango Hausa ta zauna masa ba, akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa. 'Yan matan kayayei, masu dakon kaya a kasuwa, da ke kwana bakin shaguna ba sa cikin kowane jerin gidaje, to kada rahotonku ya yi kamar ya ƙunshe su.

Kowace yamma ina karanta takardun ranar kafin kowa ya tafi gida. Tambayoyin suna hawa ne daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, saboda haka idan na ga gida ya ce bai taɓa fargabar abinci ba, bai rage ci ba, amma ya yini ya kwana bai ci ba, ba na gogewa kuma ba na gyarawa. Washegari da safe mai takardar zai koma gidan, ni ma ina biye da shi.