Yadda za ka tattara tarihin ƙwallon kwando na unguwarku da makarantarku a Kano

Duk wanda ya buga ƙwallon kwando a Kano yana yaro ya san cewa wasan ya rayu ne a wurare biyu. Akwai filin makaranta, inda malamin wasanni ke tsaye da usur a wuya, akwai kuma filin unguwa, inda siminti ya tsattsage, allon katako ya sha rana da ruwa, zoben kuwa mai walda ne ya lanƙwasa shi da rodi bayan samari sun yi karo-karo. Labarin waɗanda suka yi suna a rubuce yake. An san Hakeem Olajuwon ya fara wasan yana ɗan sakandare a Legas, bayan ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya kuma buga ƙwallon hannu, kafin ya ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Houston Rockets a 1994 da 1995. An san Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors har ta ci kofi a 2019, a Zariya ya tashi, a can kuma ya koyi wasan. Amma abin da ya gudana a filayen Fagge da Sabon Gari da Gwammaja da Birget yana cikin kawunan mutanen da yanzu furfura ta kama su, kuma duk shekara ana rasa wasunsu. Wannan bayani na wanda yake son ya tattara wannan labari ne da wayarsa da littafin rubutu, tun masu shi suna raye.

Abu na farko shi ne ka rage buri. Kada ka ce za ka rubuta tarihin ƙwallon kwando na Kano gaba ɗaya, domin birnin ya fi ƙarfin mutum guda, kuma za ka gaji tun ba ka kai ko'ina ba. Zaɓi fili ɗaya, na unguwarku ko na makarantar da ka yi, ka iyakance kanka da shekara goma ko goma sha biyar. Idan ka riƙe fili ɗaya da kyau, sauran filayen za su shigo da kansu, tunda 'yan wasa kan tsallaka unguwa su je neman abokan karawa.

Wajen neman mutane, kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da gwanin fili. Gwani yana da amfani, amma yawanci abin da ya riƙe shi ne ranakun da ya yi bajinta. Wanda ya fi sanin yadda filin ya rayu shi ne wanda ƙwallo ke kwana a ɗakinsa, domin shi ne ya san ranar da aka saye ta, da wanda ya ba da kaso mafi tsoka, da yawan zuwan da ta yi wurin mai faci. Bayansa sai maigadin makaranta da yake buɗe wa 'yan unguwa ƙofa a lokacin hutu, da malamin wasanni da ya yi ritaya, da wanda ya shekara uku a benci yana kallon komai. Zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai hanya ce mai sauƙi ta samun lambobinsu, haka ma ɗakin wasanni na Ƙofar Mata a ranar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ke da wasa, domin tsofaffin 'yan wasa ba sa rasa leƙawa. Duk wanda ka zanta da shi, kafin ku rabu ka roƙe shi ya ambata maka mutum uku da ya kamata ka gani, kuma in zai yiwu ya kira ɗaya daga cikinsu a gabanka ya gabatar da kai.

Ka je wa dattijo yadda ake je wa dattijo. Ka gaishe shi sosai, ka faɗi ko kai ɗan wane gida ne da wanda ya turo ka, kuma kada ka fito da waya sai magana ta zauna. Wanda ya taɓa horar da yara, ko da ya haura saba'in, Koci ake ce masa, kuma za ka ga fuskarsa ta saki da jin sunan. Sannan ka nemi izini a fili, kamar ka ce: "Koci, in ba damuwa zan naɗi muryarka don kada in yi maka ƙari ko ragi, kuma duk abin da ka ce a cire zan cire." A ganina zaman da ya fi albarka shi ne wanda aka yi a bakin filin kansa bayan la'asar, domin a wannan lokacin ake wasan har kiran magariba ya tashi kowa, kuma mutum yana tsaye a wurin zai nuna maka da hannu inda bishiya take a da, da kusurwar da ruwa ke kwanciya da damina.

Tambaya mai faɗi amsa mai faɗi take jawowa. Idan ka ce a ba ka tarihin filin, za a ce maka da can wasa ya fi yanzu, a tsaya nan. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Wane takalmi suke sawa, kuma a ina suke samo shi? Da yawa za su kai ka layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, inda ake tona dila ana neman kambas mai tsawon wuya da riga mai lamba 23 saboda Michael Jordan. A maki nawa ake tashi, kuma waɗanda suka ci su ne ke zama a fili har sai an fitar da su? Wa ke yanke hukunci in an yi gardama alhali babu alƙalin wasa? Yaya aka daidaita atisaye da makarantar Islamiyya ta yamma, kuma me iyaye suka ce da farko? A wane gida ake taruwa kallon kaset ɗin bidiyo na wasannin Amurka, wa kuma ke kawo shi? Ka tambayi laƙabin kowa da dalilinsa, domin a fili mutane da dama ba a san su da sunan yanka ba. Kalmomin fili kuma ka rubuta su yadda bakin mai maganar ya furta su, ko Hausa ce, ko Turancin da ya narke a bakin Bahaushe, ko Burokan ɗin Sabon Gari, kada ka gyara su, domin wannan gaurayen harshe shaida ce ta irin mutanen da filin ya haɗa. Idan mutum ya yi shiru yana tunani, ka bar shi, kada ka cike masa shirun da wata tambaya.

Inda aikin ya fi wuya shi ne sanya wa labari shekara. Mutum zai tuna launin rigar abokin karawarsa amma ya kuskure shekarar da biyar. Kada ka tambaye shi shekara kai tsaye, ka tambaye shi ajin da yake ciki da shekarar da ya rubuta jarrabawar WAEC, sai ka yi lissafi da kanka. Ka jingina labarin da abin da kowa ya sani: kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991 ne ko bayan nan, kafin rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yunin 1998 ne, ko lokacin da Kano ta karɓi wasannin kofin duniya na matasa na ƙwallon ƙafa a 1999. Azumi ma ma'auni ne mai kyau, tunda yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, saboda haka wanda ya ce sun buga wasan ƙarshe cikin azumi da sanyin hunturu ya riga ya taƙaita maka shekarun da za ka duba.

Dokokin wasan kansu suna taimakawa ƙwarai, kuma wannan dabara ce da ba kowa ke lura da ita ba. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta shigo da layin maki uku, wato layin da in an jefa ƙwallo daga bayansa ta shiga ake samun maki uku, a 1984, a nisan mita 6.25 daga kwando. A shekarar 2000 ta sauya tsarin wasa daga rabi biyu na minti 20 zuwa zango huɗu na minti 10, ta kuma rage lokacin kai hari daga daƙiƙa 30 zuwa 24. A 2010 aka matsar da layin maki uku zuwa mita 6.75, sannan zanen da ke ƙarƙashin kwando, wanda a da yake da faɗi a gindi ya tsuke ta wajen layin jifa, ya koma mai miƙaƙƙun gefuna. Don haka idan tsohon ɗan wasa ya ce a gasar da yake ba ka labari rabi biyu suka buga, akwai alamar kafin 2000 ne, idan kuma hoto ya nuna layin maki uku, to bai riga 1984 ba. Sai dai a yi hattara. Filayen unguwa da na makarantu kan daɗe ba a sake musu fenti ba, saboda haka tsohon zane ba ya tabbatar da tsufan hoto, kuma akwai filayen da aka zana tun asali da kwaikwayon abin da aka gani a talabijin na Amurka. Wannan ma'auni yana taimaka wa sauran shaidu ne, ba ya tsayawa shi kaɗai.

Duk labarin da ya shafi sakamako ko kofi, ka nema masa shaida ta biyu daga wanda bai ji na farkon ba, in da hali daga ɓangaren da aka doke. Takardu ma suna nan fiye da yadda ake zato: takardun yabo na gasar gidaje da iyaye mata suka adana a ƙasan akwati, mujallun makaranta, littafin da shugaban makaranta ke rubuta abubuwan da suka faru, da kofunan da ke ofishinsa waɗanda aka zana wa shekara. Idan makarantarku ta shiga gasar Milo ta makarantun sakandare, ko wani ɗan filinku ya wakilci jiha a bikin wasanni na ƙasa da aka fara a 1973, to shafukan wasanni na jaridun Triumph da New Nigerian sun cancanci dubawa, kuma tafiya Kaduna zuwa Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ba za ta zama asara ba. Inda mutum biyu suka saɓa kuma babu takardar da za ta raba gardama, ka rubuta maganar kowa da sunansa, kada ka zaɓi wadda ta fi daɗin ji.

Za ka ci karo da labaran da ke da ƙaiƙayi, kamar sojan haya da aka sa wa rigar makaranta ranar gasa, ko rage shekaru, ko faɗan da ya tashi bayan wasa tsakanin unguwa da unguwa. Waɗannan ɓangare ne na tarihin, kuma ɓoye su rage gaskiya ne, amma ana iya faɗin abin da ya faru ba tare da kama sunan mutumin da yau yake da 'ya'ya da jikoki ba, balle wanda ya riga mu gidan gaskiya ba zai iya kare kansa ba.

Kada a manta da mata. Makarantun 'yan mata sun buga wannan wasa sosai, kuma yanzu da D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, ta mamaye gasar Afirka tun daga 2017, ya dace a san waɗanda suka riƙe ƙwallo kafin su. Ya fi kyau mace ce za ta je wa mace, a gidanta, a lokacin da ta zaɓa. Hajiyar da ta yarda ta ba da labari ba lallai ta yarda a yaɗa hotonta na ƙuruciya cikin kayan wasa ba, don haka izinin murya daban, izinin hoto daban, kuma kowanne a tambaye shi a sarari.

Hotuna kuwa kada ka are su, domin aron hoto ya raba mutane da yawa. Ka ɗauke su da waya a gidan mai su, a inuwa mai haske, gaba da baya, tunda a bayan ne ake samun hatimin mai hoto da kwanan wata. Nan take ka sa mai hoton ya faɗi sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama. Filin ma ka ɗauke shi ta kowace kusurwa, ka auna shi da tef. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, zobe kuma yana kan mita 3.05 daga ƙasa, amma na unguwa sau da yawa bai kai haka ba, kuma wannan bambanci yana bayyana dalilin da ya sa yaran wani fili suka gwanance a kutsawa ƙarƙashin kwando, na wani kuma a jifa daga nesa. Idan an riga an gina shaguna ko azuzuwa a wurin, ka sa mutum biyu ko uku su zana maka taswirarsa daga ka, kowa shi kaɗai.

Kowace murya da ka naɗa ka sa mata sunan mai magana da ranar da wurin, ka kuma rubuta ta a takarda cikin makon, tun kana tuna abin da hayaniyar babura ta danne. Ka ajiye kwafi uku: a waya, a kwamfuta ko filashi, da kuma a intanet. Idan aikin ya yi kauri, ka buga shi ko da shafi talatin ne, ka kai wa ɗakin karatun makarantar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da iyalan waɗanda suka rasu. Daga nan sai ka nemi izinin mai unguwa ko shugaban makaranta a shirya taro a filin wata ranar Asabar da yamma, dattawa su ɗan taɓa ƙwallo, yaran da ke bugawa yanzu su zauna su saurara. Ka manna hotunan a jikin allo, kuma duk hoton da ke da fuskar da ba a gane ba ka liƙa farar takarda da biro a gefensa, domin a cikin mahalarta za a samu wanda zai matso ya rubuta sunan.