Kurakuran da mawaƙa suka fi yi a waƙoƙin William Byrd, da yadda za a gyara su

William Byrd, mai tsara waƙoƙi ɗan Ingila wanda ya rasu a 1623, ɗan Katolika ne da ya yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aiki a ɗakin sujadar fadarta tun daga 1572, a lokacin da dokar Ingila ta hana sujadar Katolika. Shi ya sa waƙoƙinsa na ƙungiya suka kasu uku: na Turanci don cocin Angalika, na Latin waɗanda da yawansu a ɓoye aka rera su, sai na nishaɗi da ake yi a gida. Yawancin kurakuran kwaya suna fitowa ne daga rera dukkan ukun da salo ɗaya, salon waƙar littafin coci da aka saba.

Na farko shi ne yawan mawaƙa da ƙarfin murya. Waƙoƙin Mas (babbar sujadar Katolika) guda uku da Byrd ya tsara, na murya uku, huɗu da biyar, an buga su tsakanin 1592 da 1595 ba tare da shafin take ba, saboda haɗarin da ke cikin buga su. A gidajen masu hali irin na iyalin Petre a yankin Essex aka rera su, cikin ɗaki, da mutane ƙalilan. Idan mutum sittin suka taru a kansu kowa ya buɗe maƙogwaro, layukan sai su cakuɗe, kalma ba ta fita. A zaɓi mutum biyu zuwa huɗu a kowace murya, su tsaya a rabin da'ira yadda kowa zai ji ɗan'uwansa. In dole sai kowa ya shiga, a bar wa ƴan kaɗan wuraren da Byrd ya rage muryoyi. A Agnus Dei, sashen ƙarshe mai roƙo uku na Mas mai murya huɗu, muryoyi biyu na sama ne suke farawa, sai a koma uku, sai huɗu a roƙo na uku. Wannan ƙaruwar ita ce ginin waƙar, kuma in an fara da cikakken ƙarfi babu sauran inda za a je. Great Service kuwa, babbar waƙarsa ta Turanci don cocin Angalika, wadda ake raba mawaƙa gefe biyu har muryoyi su kai goma, ita ce ke son jama'a da babban coci.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne bin layin tsaye. A zamanin Byrd kowane mawaƙi littafin muryarsa kaɗai yake riƙewa, kuma babu layukan da ke yanka waƙa gida-gida. Masu buga littafi da suka zo daga baya ne suka sa su don sauƙin ƙirga. Mawaƙin da ya tashi da sol-fa ya saba dukan bugun farko bayan kowane layi, sai nauyin ya riƙa faɗawa kan gaɓar da ba ta dace ba, kuma duk muryoyin su duka a lokaci guda kamar masu fareti. Alhali kowace murya tana da nata wurin nauyi, kuma da gangan ba sa haɗuwa.

Gyaran yana son haƙuri. Kafin a rera ko nota ɗaya, kowa ya ɗauki fensir ya ja layi ƙarƙashin gaɓar da ke ɗauke da nauyin kalma: a kalmar Latin miserere gaɓa ta uku ce, a corpus ta farko, a Maria ta tsakiya. Sai kowace murya ta karanta kalmominta da baki a kan tsawon notocinta, ba waƙa, har sai ta zauna. Bayan haka a haɗa murya biyu, misali alto da bes, su ma da magana. Mai jagora ya daina sara hannu kashi huɗu, ya riƙe bugu biyu masu laushi, ƙasa da sama. Minti goma na irin wannan a kowane zaman koyo ya fi maimaita waƙar sau biyar daga farko.

Sai kuma “gyara” abin da ba kuskure ba. A farkon Ave verum corpus, daga littafin Gradualia na 1605, soprano tana rera notar se, nan take bes ya shigo da notar so, wadda ke karo da ita, a kan gaɓar farko ta verum, wato “na gaskiya”. Kunnen da bai saba ba zai ɗauka mai bugawa ne ya yi tuntuɓe, har wasu shugabannin kwaya su sa a daidaita su. Kada a taɓa. Irin wannan karo tambarin mawaƙan Ingila ne na wancan ƙarni, kuma a nan Byrd ya sa shi ne don kunne ya tsaya a kan kalmar da ke shaida cewa gurasar Mas jikin Almasihu ne na gaskiya, abin da ɗan Katolika na lokacin yake iya shiga uku a kansa. Soprano ta riƙe se ɗinta sama sosai, bes ya sauka kan so ba tare da shakka ba. Haka ma a dona nobis pacem, kalmomin ƙarshe na Agnus Dei a Mas mai murya huɗu, inda nota ke makalewa ta gogi ta kusa da ita kafin ta sauka. Mawaƙa kan ji tsoro su sassauta a daidai wurin gogar. Akasin haka ake so: a ɗan ƙara nauyi a kan gogar, a sassauta a saukar.

Jan waƙa da sunan tsoron Allah shi ma yana kashe ta. Numfashi ya ƙare a tsakiyar jimla, murya ta riƙa zamewa ƙasa, a gama waƙar rabin mataki ƙasa da inda aka fara. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan matsakaicin mawaƙi bai iya kai jimla ɗaya da numfashi guda ba, an yi jinkiri da yawa. Zamewar kuma yawanci daga saukowa take, musamman do zuwa ti da fa zuwa mi, inda ake faɗaɗa taku. A koya musu takun saukowa ƙanana, na hawa kuma cikakku.

Game da tsayin waƙa, ba dole ba ne a tsaya kan makullin da ke takarda. Bugu daban-daban suna ɗaga waƙa ɗaya ko su sauke ta. A duba nota mafi sama ta soprano da mafi ƙasa ta bes, a zaɓi inda duka biyun za su zauna lafiya. Layin alto kan yi wa mata ƙasa da yawa, don haka sa teno ɗaya mai sauƙin murya a cikinsu yana cike gurbin. Alamomin ƙarfi da laushi da ke cikin bugun zamani ra'ayin edita ne, ba umarnin Byrd ba.

A waƙoƙin nishaɗi, kuskuren shi ne a ba kowace murya nauyi ɗaya. Yawancin waƙoƙin littafinsa na 1588, Psalmes, Sonets and Songs, asalinsu murya ɗaya ce da kayan kiɗa masu tsirkiya da ake gogawa, daga baya ya sa wa sauran layukan kalmomi, ya kuma nuna muryar da ke ɗauke da waƙar. Ba kullum ce ta sama ba. A nemo ta, a sa ta gaba, sauran su yi mata rakiya da rabin murya. Waƙoƙin suna da baituka da yawa a kan kari ɗaya, saboda haka sai an sake zama an jera gaɓoɓin kowane baiti a ƙarƙashin notoci, domin wurin numfashin baitin farko ba lallai ya dace da na uku ba. Though Amaryllis dance in green kuwa rawa ce, inda bugu biyu da bugu uku suke musaya tsakanin muryoyi. A fara koyon ta da tafi, rabin ɗaki na tafa biyu rabi na tafa uku a cikin tsawon lokaci ɗaya, sannan a ɗora kalmomi, notoci su zo a ƙarshe.